Itacen Kabarin Inna

Azumin bana ya faɗo a bakin damina, daidai inda ya faɗo a shekarar yunwa. Sai da ya ci rabin rayuwar mutum kafin ya zagayo wurin nan, ya same ni zaune a Salaga, garin da aka binne cibiyata. Jikokina suna kwance a siminti tun azahar suna nishi, wai ƙishi zai kashe su, alhali ruwa na cikin firij yana jiran magariba. Na ƙyale su. Amma jiya motar 'yan sanda ta wuce ta ƙofar gida tana kuka, samari a baya sun sha hular kwano har da gilashi a fuska, yara suka ruga suna kallo suna sha'awa. Ni kuwa na tofar da yawu. Na san abin da ke cikin hular nan. Na gan shi a Bawku.

Aure ne ya kai ni can. Maigidana Alhassan, Allah ya ji ƙansa, fataucin hatsi yake yi, ya saro a Yendi ya kawo. Ni kuma ina koko da ƙosai a bakin hanyar bariki, saboda haka babu ɗan sandan garin da ban san yadda yake hura koko ba. Babbansu a wurin cin ƙosai shi ne Saje Awudu, ɗan Arewa, musulmi, ga tabon salla a goshi. Mma Adisa yake ce mini, har da rusunawa.

Yunwar ba rana ɗaya ta shigo ba. Da rani wuta ta tashi a daji ta bi gonaki, ta cinye rumbunan doya a ƙasarmu ta Salaga. Na aika aka ɗauko mini mahaifiyata, Inna, don na ɗauka gidan mai hatsi ba ya rasa tuwo. Ta iso a bayan lori, a kan buhunan gawayi, rungume da 'yar adakarta. Ashe gudu ne ba tsira.

Damina ta zo da baki, ba ta zo da ruwa ba. Da la'asar hadari zai haɗu a gabas baƙi ƙirin, iska ta kwashe shanya, a yi ta guje-gujen jera kwanoni a ƙarƙashin indararo. Sai a ji ɗis, ɗis, ƙasa ta yi ƙamshin nan da ke sa mai azumi haɗiyar yawu, shi ke nan, hadari ya watse kamar an kore shi. Aka shuka gero, ya tsiro ya ƙone. Aka sake shukawa da irin da ya kamata yara su ci, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Na kife kaskon ƙosai. Alhassan ya tafi Yendi neman ko masara ce, lori ta rasa taya ta rasa mai, ya maƙale a can. A haka wata ya tsaya.

In an idar da sallar asuba, matan gidanmu na haya mu ɗauki ƙwarya mu nufi daji tsintar kaɗanya. Na kusa duk an kakkaɓe, sai mun yi tafiya har gari ya ɓace a bayanmu. Jagorarmu Lariba ce, maƙwabciyata, 'yar Moshi mai tsayi kamar giginya, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Mu yago tafasa da rama, har ganyen da a da akuya ce kawai ke ci. Kafin rana ta take mun dawo, leɓe ya tsage. Da azahar a tafi rijiya, guga ya sauka ya daɗe, ya fito da jan ruwa rabinsa laka. Da yamma wuta ɗaya ake hurawa a gidan duka, don ashana ta zama abin ɓoyewa a ƙugu. Kowane ɗaki ya kawo ɗan garin da ya samu, a haɗa a kaɗa a cikin ganye. Ba tuwo ba ne, ba kunu ba ne, ba mu sa masa suna ba. Sahur kuwa garin ɗorawa ne a dama da ruwa, ka sha cikinka ya yi ta ƙugi har hantsi.

Na roƙi Inna ta ajiye azumi, Allah bai ɗora wa tsoho ba.

"Adisa, in na ajiye azumin me zan ɗauka?" in ji ta. "Yunwar dai ita ce. Gara a rubuta mini lada."

Ina ganinta tana tura rabonta gaban yara in ta ɗauka na juya baya. Ni ba na juya baya. Na yi magana, ta ce in iya bakina, ita ta haife ni.

Ana tsakiyar wata aka ce masarar agaji ta iso, rawaya, irin wadda aka ce a ƙasar Turawa dabbobi ake ba. Muka ce a kawo, yunwa ba ta tambayar wa aka noma wa. Aka zuba ta a sito kusa da kasuwa aka garƙame. Yau za a raba, gobe za a raba. Sai ga masarar nan tana leƙowa a bayan kasuwa a hannun 'yan kalabule, masu ɓoye kaya su sayar da tsadar da ta fi ƙarfin mutum. Samari suka taru a ƙofar sito. Daga ihu aka koma jifa, daga jifa aka cinna wa rumfuna wuta. Ba na wanke su. Rumfar da suka fara ƙonawa ta wata gwauruwa ce mai sayar da gishiri, wadda ko ƙwayar masarar ba ta gani ba.

Aka kawo 'yan sanda cike da lori daga kudu, da wani Sufeto, yaro ne, gashin bakinsa bai gama shawarar fitowa ba. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Kusasanci, ba ya jin Moshi. Gidanmu yana kan babbar hanya, kuma in na kife turmi na hau ina ganin komai ta kan katanga. Saboda haka aikinsu na san shi kamar suyar ƙosai. Za su jeru su tare hanya daga wannan kwata zuwa waccan, kowa da kulki da garkuwar saƙa kamar kwandon kaji. Su yi ta buga kulki a garkuwa, rap, rap, rap, suna takowa. Sufeto ya tsaya a bayansu, a baya fa, ya ɗaga lasifika ya yi Turanci. Wa yake yi wa? Allah masani. Sai ya busa usur, a harbo gwangwanin hayaƙin nan da muke ce wa tiyagas. In mutane sun makance suna tari, sai su bi da duka. Kuma ba mai jifan suke kamawa ba, mai jifa yana da ƙafa. Gurgu suke samu, da tsoho, da mace mai goyo.

Ranar farko ma abin dariya aka yi. Da la'asar ne, hadarin ƙaryar nan ya haɗu, kowane yaro a Bawku ya san daga gabas iska za ta taso. Su kuwa suka tsaya a yamma suka harba gabas. Iska ta tattaro hayaƙin ta mayar musu har gida. Na ga ƙato ya jefar da garkuwa ya tsoma kai a kwatar da muke zubar da ruwan wanke-wanke. Lariba ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Adisa, kai duba! Gomnati ya yi tusa, ya shaƙa abinsa!"

Haushin wannan suka huce a kanmu. Aka yi shela: ba taro, kuma duk wanda aka gani da sanda a hannu, ko makaho ne, ya kuka da kansa.

A cikin wannan dokar Inna ta cika, da hantsi, da azuminta a baki. Ba ta yi jinya ba, ta dai ce a gyara mata tabarma ta fuskanci gabas. Mu mata muka wanke ta. Likkafani bai ba mu wahala ba, ko da yake a shekarar ko ƙyallen fari babu a kanti. Yana cikin adakarta, ta taho da abinta tun daga Salaga, a ninke da turare. Zafi kuwa ranar ko ganye ba ya motsi. Gawa ba ta kwana a wurinmu, balle a wannan zafin. Dole a kai ta kafin rana ta faɗi.

Aka tura masu haƙa tun da wuri. Ƙanin maigidana, Fuseini, shi ne namijin gida tunda wansa ba ya nan. Ya shigo yana naɗe hannun riga.

"Yaya, kada ki damu. Ni zan kama gaba. In ɗan sanda ya isa ya tare ni."

"Allah ya sa," na ce. "Bakinka dai na san ya isa."

Liman ya yi mata salla a ƙofar gida bayan azahar, aka ɗauki makara. Mu mata ba ma bin gawa, sai na hau turmina in raka uwata da ido.

Wanda ya san mu ya san yadda muke kai mamaci. Da sauri ake tafiya, kusan gudu, ana kalmar shahada da ƙarfi, wannan ya karɓi wannan a kafaɗa. Duk namijin da makara ta wuce ta gabansa zai bar abin da yake yi ya bi, don lada. 'Yan kaɗan ne suka tashi daga ƙofarmu, kafin su kai mararraba sun cika hanya. A bayansu kuma ga samari ɗauke da itacen kabari, guntayen nan masu kauri da ake jerawa a kan ramin ciki don kada ƙasa ta faɗa wa mamaci. Kowa ya saɓa nasa a kafaɗa.

Sufeto yana mararraba da mutanensa. Shi a garinsu, an ce, gawa sai ta yi makonni a firij, a fito da ita a hankali da badujala. Ya ɗaga ido ya ga jama'a na tahowa a guje da ƙara, ga kulake a kafaɗa. Wannan jahilci ne, kuma jahilci ina iya yafe shi, ni ma ban shiga aji ba. Wanda ban yafe wa ba shi ne na tsaye a damansa. Saje Awudu ya san makara. Ya san itacen nan, ya jera irinsa a kan ubansa. Kalma ɗaya ce za ta fito daga bakinsa. Ina kallonsa, ya sunkuyar da kai yana gyara maɗaurin hula.

Aka busa usur.

Gwangwani ya faɗo gaban makara yana juyi yana feshi, wani ya faɗo a tsakiyar mutane. Ranar babu iskar da za ta rama mana, hayaƙin ya kwanta a hanya fari fat. Wanda ya fara sakin makara shi ne mai kama gaba. Na ga Fuseini ya tsallake kwata, takalminsa ɗaya a nan, shi a can. Makara ta karkata, sauran suka dire ta a kan kwalta, Allah ya saka musu da wannan, ba su yar ba. Sai kulki ya biyo. Liman ne kaɗai ya tsaya, tsoho, ya dafa makara yana tari, har aka sauke masa kulki a hannu, wasu suka ja shi lungu. 'Yan sanda suka bi suna tsince itacen kabari suna lodawa a mota, wai sun kama makamai. Suka koma suka sake jeruwa.

Hanya ta yi wayam. Takalma, huluna, da uwata a tsakiyar titi, rana na dukanta.

Na jira maza su dawo. Na ba su lokaci, kada a ce ban ba su ba. Inuwar katanga ta matsa, ta ƙara matsawa. Ina hango kawunansu a bakin lunguna, suna leƙowa suna komawa kamar ƙadangaru. Na sauko daga turmi.

"Lariba, ɗauko mayafinki."

"Za mu ina?"

"Za mu ɗauko Inna."

"Mace ba ya ɗauka gawa, Adisa."

"Na sani. Nuna mini namiji in ba shi."

Ta leƙa waje, ta duba dama ta duba hagu. "Babu," ta ce. "Ya ƙare a kasuwa, kamar sukari."

Muka kira mata biyu daga ɗakunan baya. Muka jiƙa ƙyalle muka ɗaure hanci, ɗaya tana tambaya ko ruwan zai karya azumi, Lariba ta ce in hayaƙin gomnati bai karya ba wannan ma ba zai karya ba. Hayaƙin ya ragu amma yana nan a ƙasa, yana cizon ido kamar an soya barkono a ɗaki an rufe ƙofa. Ɗaukar kafaɗa ba mu iya ba. Muka yi gammo da majanyi muka ɗora ta a ka, muka nufi layin 'yan sanda, don maƙabarta tana bayansu.

Suka fara buga garkuwa. Da muka matso sai bugun ya rarrabu, wannan ya daina, wancan ya daina. An koya musu abin da za su yi da mai gudu da mai jifa. Ba a koya musu mace mai tafiya a hankali ba. Muka sauke makara a gabansu.

"Saje, barka da azumi."

"Mma Adisa, don girman Allah ku koma gida."

"Za mu koma. Mu kai Inna tukuna."

"Inna ce?" Kamar bai sani ba.

Sufeto ya yi magana yana nuna makara da 'yar sandarsa. Saje ya juyo gare ni.

"Ya ce a buɗe. Wai ana ɓoye bindiga da kibau a irin wannan."

"Ka gaya masa mace ce."

"Na gaya masa."

"Ƙarya kake yi da azumi a bakinka. Ba na jin Turanci, amma ina ganin leɓe. Naka bai motsa ba, yanzu da ɗazu."

Sufeto ya daka tsawa, wani kurtu ya matso zai kama tabarmar da aka rufe ta da ita. Na shiga tsakaninsu. Matar da tun da ta yi aure baƙo bai ga ƙwaurinta ba, a kware ta a kan titi gaban ƙartin nan? Sai dai a haɗa mu biyu a makarar.

"Saje, bindiga tana da nauyi ko ba ta da shi?"

"Tana da shi."

"To ɗaga ka ji."

Ya dubi ubangidansa, ya dube ni. Ya sa kulki a hammata, ya kama kan makara da hannu biyu, ya yunƙura kamar mai ɗaga buhu. Makara ta tashi sama har ya kusa faɗuwa da baya. Abin da yunwa ta bari na Inna bai kai ɗaurin kara ba.

Sai a lokacin bakin Saje ya buɗe. Ya yi wa Sufeto Turanci mai tsawo. Sufeto ya cire hula, ya rasa inda zai sa ta, ya mayar. Layi ya tsage.

"Bari in kama muku, Mma," in ji Saje. "Ko zuwa bakin maƙabarta."

"Sauke hannunka. Ladan nan ba naka ba ne."

Muka wuce ta tsakiyarsu. A bakin maƙabarta muka tsaya, nan ne iyakarmu. Masu haƙa suka fito suka karɓe ta. Can sai ga Liman ya zagayo ta bayan gari, hannu a kumbure, ido jawur. Babban mai haƙa ya ce, "Ina itace?"

Itace yana motar Sufeto. Bishiyoyin wurin an sassare su tun da rani, kuma wa zai ratsa gari da gatari a ranar? Ga rana ta karkata. Liman ya ce, "A ƙasar Hausa, inda kakanninmu suka fito, in itace ya yi wuya da tukwane ake rufewa. A raba babba biyu a kife." Ya dube mu. "Sai dai tukunya ta mata ce."

"Tukunya ba ta da aiki bana, Malam," na ce.

Muka koma gida da sauri. Na ɗauko tukunyar kokona da randar ɗakina, Lariba ta ɗauko wadda take dafa wake, sauran mata kowa ta fito da tata, har waɗanda ba mu kira ba. Muka sake bi ta mararraba a jere, tukwane a ka. Wani kurtu ya tsayar da mu yana leƙa cikin kowace, ko mun zuba duwatsu. Lariba ta karkata masa tata.

"Duba da kyau, ɗana. In kai ga abinci a ciki, mu raba."

Masu haƙa suka rarraba su da bakin fartanya. Ina jin ƙarar daga inda nake tsaye, kowace da muryarta, na gane ta kokona. Aka jera, aka liƙe da laka, aka tura ƙasa. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Liman ya shafa fatiha. Da ragowar ruwan kwaɓa laka muka sha ruwa, a nan bakin maƙabarta.

Fuseini ya dawo bayan magariba da takalmi ɗaya, yana ba da labarin kokawar da ya sha da 'yan sanda. Na juya masa baya. Har ya bar duniya ban sake miƙa masa abinci da hannuna ba, sai dai in ajiye a ƙasa in tura.

Ranar sadaka muna zaune a tsakar gida da mata masu gaisuwa, babu abin rabawa sai addu'a, aka ce ana sallama da ni. Na fita zaure. Saje Awudu ne, ba kaki, ya sa farar riga da hula kamar mutumin kirki. A bayan kekensa ga itacen nan a ɗaure da igiya, tsaf.

"Mma Adisa, ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Inna. Na roƙi Sufeto ya sake su. Na ce a mayar wa masu kaya kayansu."

Na dubi itacen. Mai kyau ne, ƙirya ce, wadda gara ba ta ci.

"Inna ta riga ta samu rufi," na ce. "Kai gidanka ka adana, Saje, kada matarka ta hura wuta da shi. Ranar da aka ɗauko ka, ka ga ba sai an wahalar da kowa ba. Ka dai yi addu'a kada masu ɗaukarka su gamu da irinka a mararraba."

Ya tsaya riƙe da keke. Na koma ciki wurin baƙina.